Yadda ake gano nisa da lokacin tafiyar jirgin sama tsakanin biranen ƙasashe maƙwabta

Mai shirin hawa jirgi zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu tambaya biyu yakan yi: kilomita nawa ne, kuma awa nawa za a yi? Ta farkon amsarta ɗaya ce, kuma kalkuletar waya ta isa a fito da ita. Ta biyun kuwa amsa uku gare ta. Akwai lokacin da jirgi ke yi a sararin sama, akwai wanda aka rubuta a tikiti, sannan akwai wanda mutum zai ɓata tun daga ƙofar gidansa har ya ajiye jaka a masauki. A gajeriyar tafiya ukun nan sun yi wa juna nisa ƙwarai, kuma wanda ya tsara ranarsa a kan na farko shi ke yin latti. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, muna gwaji da tafiyar Madrid ta Sifaniya zuwa Lisbon ta Fotugal, domin kusan duk abin da ke rikita lissafi yana cikinta.

Fara da filin jirgi, ba da sunan gari ba

Jirgi daga fili yake tashi, a fili kuma yake sauka, saboda haka tsakanin filayen biyu za ka auna. Kowane filin da ake sayar da tikitinsa yana da lamba mai haruffa uku wadda ake bugawa a tikiti da jikin jaka: MAD ita ce Madrid, LIS ita ce Lisbon. Da wannan lamba za ka yi bincike, don sunan gari yana yaudara ta hanya biyu. Wani lokaci garuruwa biyu ne ke da suna ɗaya, kamar San José ta Kosta Rika mai lamba SJO da San Jose ta Kalifoniya a Amurka mai lamba SJC. Wani lokacin kuma gari ɗaya ne da filaye da yawa, wasu ma sunan garin kawai suka ara. Filin Beauvais da ake sayar da tikitinsa da sunan Paris yana da nisan kilomita kusan 85 daga birnin, filin Hahn kuwa ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. Tikitin irin waɗannan filaye yakan zo da sauƙi, amma abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da zaman mota.

Fitar da nisan da kanka

Shafukan intanet irin su Great Circle Mapper za su ba ka nisan nan take idan ka rubuta lambobin filayen biyu. Duk da haka yana da kyau mutum ya iya lissafin, ko don ya gane lokacin da wani shafi ya ba shi adadin da bai dace ba.

Abin da kake buƙata shi ne matsayin kowane fili a taswira, wato digirinsa na arewa ko kudu da digirinsa na gabas ko yamma. Idan ka danna wurin ka riƙe a taswirar waya, lambobin biyu za su fito. Filin Madrid yana kan digiri 40.47 arewa da 3.56 yamma. Na Lisbon yana kan 38.77 arewa da 9.13 yamma.

Ka fara da tazarar arewa da kudu, don ita ce mai sauƙi. Digiri ɗaya a wannan ɓangare kilomita 111 ne a ko'ina a duniya. Cire 38.77 daga 40.47, saura 1.70. Ninka shi sau 111, ka samu kilomita 189.

Tazarar gabas da yamma ita ce mai ɗan wuya, domin layukan da suka tashi daga ƙurewar arewacin duniya zuwa ƙurewar kudu suna buɗewa ne a tsakiyar duniya, su riƙa matsewa yayin da ake nisa da ita. A kan layin ikweta digiri ɗaya kilomita 111 ne, a digiri 30 ya ragu zuwa 96, a digiri 60 kuwa rabi ya rage. Don gyara wannan, nemo tsaka-tsakin digirin arewa na filayen biyu, wanda a nan 39.6 ne, ka danna maɓallin cos a kalkuleta. Zai ba ka 0.77. Yanzu cire 3.56 daga 9.13, saura 5.57. Ninka sau 111, ka sake ninkawa sau 0.77. Ka samu kilomita 476.

Abin da ya rage shi ne haɗa biyun. Ninka 189 da kansa, ninka 476 da kansa, tara su, sannan ka danna alamar √. Amsar kilomita 512 ce, kuma shafukan da ke yin cikakken lissafi 513 suke bayarwa. Kuskuren kilomita ɗaya ba ya sauya komai.

Wurare uku ne lissafin nan ke lalacewa. Na farko, kalkuleta tana kan RAD, wato wani ma'aunin kusurwa daban, maimakon DEG, wato digiri, sai cos ya fito da adadin da ba shi da alaƙa da aikinka. Duba saman allon kafin ka fara. Na biyu, a ɗauko digiri da minti a rubuta su kamar ɗigo. Digiri 40 da minti 28 ba 40.28 ba ne, 40.47 ne, domin minti 60 ke cikin digiri ɗaya, sai an raba mintin gida 60 tukuna. Wannan kuskure kaɗai ya kai kilomita 21. Na uku, a yi ragi a inda ya kamata a yi tarawa. Idan fili ɗaya yana gabas da layin Greenwich, wato layin digiri sifili da ya ratsa ta Landan, ɗayan yana yamma, ko ɗaya yana arewa da ikweta ɗayan yana kudu, tara lambobin ake yi. Filin Heathrow na Landan yana 0.45 yamma, na Charles de Gaulle a Paris yana 2.55 gabas, tazararsu digiri 3.0 ce, ba 2.1 ba.

Wannan hanya tana ɗaukar ƙasa kamar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka a gajeriyar tafiya take aiki. Idan nisan ya haura kilomita 2,000, kamar yadda yakan faru tsakanin manyan ƙasashe irin Rasha da Sin, bar wa shafukan intanet aikin, su da suke lissafi da lanƙwasar duniya.

Ka kuma lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Mil iri biyu ne. Na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku kuwa, wanda matuƙa jirgin sama ke aiki da shi, kilomita 1.852 ne. Tafiyar Madrid zuwa Lisbon mil 319 ce da na ƙasa, 277 da na teku. Idan ka ga shafuka uku sun ba ka lambobi uku, mai yiwuwa duk abu ɗaya suke faɗa.

Jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi

Adadin da ka samu shi ne mafi gajartar tazara, ba hanyar da jirgi zai bi ba. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, ko da hakan na nufin ya fara ba wa inda za shi baya kafin ya juyo. Akwai hanyoyin fita da na shiga da aka shata wa kowane fili, akwai sassan sararin sama da aka keɓe wa sojoji, akwai kuma hadarin da dole a kewaye shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a lissafinta na hayaƙin da jirage ke fitarwa, tana ƙara kilomita 50 ga tafiyar da ba ta kai 550 ba, kilomita 100 ga wadda ke tsakanin 550 da 5,500, sannan 125 ga wadda ta wuce haka. Ma'auni ne mai kyau da kai ma za ka iya ara. Tafiyarmu ta koma kilomita 563 ke nan.

Minti nawa a sama

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Sun ji cewa jirgin jet irin Airbus A320 ko Boeing 737 yana gudun kilomita 830 zuwa 850 a awa, sai su raba nisan da wannan adadi su ce minti 36. Amma wancan gudu sai jirgi ya kai can sama ya daidaita yake yin sa. Ƙasa da ƙafa 10,000, doka a ƙasashe da dama ta taƙaita gudu zuwa kimanin kilomita 460 a awa. Hawa zuwa ƙafa 35,000 yakan ci wajen minti 20. Sauka ma tun daga nesa ake fara ta: matuƙa suna ware mil uku na teku ga kowace ƙafa 1,000 da za su sauko, wato jirgin da ke ƙafa 35,000 zai fara gangarowa tun saura kilomita kusan 195. A tafiyar kilomita 500, fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar gangara ce. Shi ya sa a gajeriyar tafiya jirgi sau da yawa ba ya ma kaiwa wancan tsayi.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ka raba nisan da aka gyara da 800, ka mayar da shi minti, sannan ka ƙara minti 15 na jinkirin hawa da sauka. Kilomita 563 a raba da 800 minti 42 ne, da 15 ya zama 57. Wato kusan awa ɗaya a sama.

Idan jirgin mai farfela ne, irin ATR 72 da ake yawan amfani da shi tsakanin garuruwa na kusa, raba da 500 ka ƙara minti 10, don shi ba ya hawa can ƙololuwa. A wannan tafiya zai yi minti 78. Bambancinsa da jet minti 20 ne kawai, a tafiyar kilomita 300 kuwa bai fi minti 10 da ɗoriya ba. A ganinmu bai kamata mutum ya ƙi jirgi mai farfela saboda gudu ba idan lokacin tashinsa ya fi dacewa da shirinsa.

Iska ma tana da nata rabo. A can sama, musamman a yankunan da suka yi nisa da ikweta, iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma ta fi tsanani a lokacin sanyi. Jirgin da ke gudun 830 idan ya fuskanci iska mai gudun 100, tafiyarsa a kan ƙasa 730 ce. Idan ta biyo bayansa, 930. A kilomita 400 bambancin minti bakwai ne kacal, amma a tafiyar awa huɗu ya kai a ji shi. Wannan ne dalilin da zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba.

Abin da tikiti ke nufi

Lokacin tashi da ke tikiti ba lokacin da tayoyi ke barin ƙasa ba ne. Lokacin da jirgi zai motsa daga wurin da yake ajiye ne, lokacin isowa kuma shi ne sa'ar da zai tsaya a nasa wurin a ɗaya filin. Tsakanin nan akwai tura jirgi baya, tayar da inji, tafiya a hankali zuwa titin tashi, bin layi, sannan bayan sauka a sake tafiya zuwa wurin tsayawa. A ƙaramin fili duk wannan bai fi minti 10 ba. A babba mai tituna da yawa, irin na Madrid mai guda huɗu, yakan kai minti 20 zuwa 25 idan aka haɗa ɓangarorin biyu. Ƙara wannan a kan minti 57, ka samu awa ɗaya da minti 20, wanda shi ne kusan abin da ake rubutawa a tikitin wannan tafiya. Kamfanoni kan ƙara 'yan mintuna na ko-ta-kwana a jadawalinsu, shi ya sa jirgi zai tashi a makare kuma ya isa a kan lokaci. A ƙa'idar da ake bi a harkar, jirgin da jinkirinsa bai kai minti 15 ba ana ƙirga shi cikin waɗanda suka zo a kan kari.

Agogon kowace ƙasa

Duk lokacin da ke tikiti agogon wurin ne: na tashi agogon garin da za ka bari, na sauka agogon garin da za ka je. Fotugal tana bayan Sifaniya da awa ɗaya. Jirgin da ya bar Madrid da 09:00 za a rubuta ya isa Lisbon da 09:20, wanda ya bar Lisbon da 14:00 kuma ya isa Madrid da 16:20. Mai kallon lambobi kawai zai ce zuwa minti 20 ne, dawowa awa biyu da minti 20, alhali duka biyun awa ɗaya da minti 20 ne. Maganin abin shi ne ka mayar da lokutan biyu zuwa agogon gari ɗaya kafin ka yi ragi.

Kada ka ɗauka bambancin kullum cikakkiyar awa ce. Nepal tana gaban Indiya da minti 15, Indiya kuma tana gaban Pakistan da minti 30. Tikitin da ya ce tashi daga Delhi 10:00, sauka a Kathmandu 12:00, awa ɗaya da minti 45 yake nufi. Kuma bambancin yana iya sauyawa cikin shekara idan ƙasa ɗaya tana matsar da agogonta a lokacin zafi ɗayar ba ta yi. Sifaniya da Fotugal rana ɗaya suke sauyawa, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka tazararsu ba ta motsi. Meksiko kuwa ta daina wannan sauyi a yawancin ƙasar tun 2022, alhali Amurka tana ci gaba da yi. Birnin Houston da birnin Meksiko agogonsu ɗaya a watan Janairu, amma a watan Yuli Houston tana gaba da awa ɗaya. Duba bambancin na ranar da za ka yi tafiya, ba na ranar da ka sayi tikiti ba.

Wani abin da ke sa mutane rasa jirgi shi ne tashin tsakar dare. Tikitin da ya ce 00:30 ranar 12 ga wata yana nufin ka kasance a fili da daren ranar 11. Alamar +1 a gefen lokacin sauka kuma tana nufin washegari.

Maƙwabtaka ba ta tabbatar da jirgi kai tsaye

Duk lissafin da muka yi na jirgin da ba ya tsayawa a hanya ne. Ka duba tikiti da kyau, domin a harshen kamfanonin jirage tafiyar da ake kira ta kai tsaye tana iya yada zango a wani gari, matuƙar lambar jirgin ba ta sauya ba. Kowane zango yana ƙara sauka, zaman ƙasa na minti 40 zuwa awa ɗaya, da sabon tashi.

Akwai kuma biranen da suke kusa amma babu jirgi tsakaninsu, ko dai don fasinjoji ba su isa cika jirgi ba, ko don siyasa. Aljeriya ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Maroko a watan Satumba na 2021, iyakarsu ta ƙasa kuma a rufe take tun 1994, don haka mai tafiya tsakanin ƙasashen biyu yakan bi ta ƙasa ta uku. A irin wannan hali nisan da ke taswira ba shi da amfani. Sai ka lissafa kowane zango daban, ka ƙara lokacin jira.

Idan sauyin jirgi ya zama dole, ka sayi zangon biyu a tikiti ɗaya. Ta haka, idan na farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani jirgin, kuma yawanci jakarka za ta wuce har ƙarshen tafiya. Idan tikiti biyu ka saya daban-daban, kai za ka karɓi jaka, ka bi ta wajen jami'an shige da fice, ka sake awon kaya, wataƙila ma ka buƙaci bizar ƙasar da ka yada zango. Kada ka bar ƙasa da awa uku tsakanin irin waɗannan tikiti.

Daga ƙofa zuwa ƙofa

Wannan shi ne adadin da za ka faɗa wa mai jiranka. Ɗauki takarda ka rubuta abu biyar. Tafiya daga gida zuwa fili, da cunkoson lokacin da za ka fita, a ce minti 40. Zaman fili kafin tashi: a tafiyar ƙetare awa biyu ne mafi ƙaranci, uku idan filin babba ne ko lokacin hutu ne, domin kamfanoni da yawa suna rufe karɓar kaya saura awa ɗaya, su rufe ƙofar shiga jirgi saura minti 15 zuwa 20. Sai lokacin tikiti, awa ɗaya da minti 20. Sai fita daga jirgi da jiran jaka, minti 30. Sai mota zuwa masauki, minti 30. Jimla awa biyar, a tafiyar da jirgi bai cika awa ɗaya a sama ba. Kuma wannan tsakanin ƙasashe biyu ne na yankin Schengen, inda ba a saba duba fasfo a iyaka ba. Inda ake dubawa, ƙara minti 30 zuwa awa ɗaya, fiye da haka ma idan a filin za a ba ka biza.

Da wannan jimla za ka gwada sauran hanyoyi, ba da lokacin tikiti ba. Ta mota, Madrid zuwa Lisbon kimanin kilomita 625 ne ta garin Badajoz na bakin iyaka, tuƙin wajen awa shida, don haka jirgi ya fi sauri amma da awa ɗaya kawai. Landan zuwa Paris kilomita 347 ne ta sama, jirgin ƙasa da ke bi ta ramin ƙarƙashin teku kuma yana yin tafiyar cikin kimanin awa biyu da minti 20 daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Ko an ƙara lokacin duba fasfo a tasha, jirgin ƙasan ne ke kan gaba. Idan nisan bai kai kilomita 400 ba kuma akwai hanya mai kyau da iyakar da ba ta riƙe mutane, a yi wannan gwaji kafin a biya kuɗin tikiti.

Kafin ka tsayar da shawara, rubuta lambar jirgin da kake son shiga a shafukan intanet masu bin diddigin jirage, irin su Flightradar24 ko FlightAware. Za su nuna maka tafiye-tafiyensa na kwanakin baya: ƙarfe nawa ya tashi a zahiri, minti nawa ya yi a sama, ƙarfe nawa ya sauka. Idan ka ga kwana biyar cikin bakwai yana makara da minti 40, sanya minti 40 ɗin cikin lissafinka. Jirage masu gajeriyar tafiya suna yin sawu huɗu zuwa shida a rana da ɗan taƙaitaccen hutu a ƙasa, saboda haka jinkirin safe yana bin jirgin har dare yana ƙaruwa. Idan kana da taro ko wani jirgin da za ka kama a can, zaɓi sawun farko na safiya, wanda jirginsa ya kwana a filin. Inda hazo ko ƙura ke rufe fili da sassafe a wasu watanni, sawun hantsi ya fi, don a lokacin gari ya buɗe kuma jinkiri bai riga ya taru ba.